Tudun Injiniya

"Ka gama?" in ji Injiniya, yana duban agogon hannunsa.

"Saura kaɗan, Yaya," in ji bakaniken, ƙanin matarsa, daga ƙarƙashin motar. "Cewa nake, in yatsa ɗaya za a sauke ta, a sa gajeren sifirin mai kyau, tsohuwar shokozoba tana iya lallaɓawa, in tana da lafiya. Taka kuwa ta baya, ta hagu, tuni take hawaye. Kai kuma yatsa huɗu kake nema. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shokozoba ita ke hana mota rawa. In ka gajarta ɗaya ka bar ɗayar da tsawonta, a dunƙule za ta zauna, ba ta da wurin motsi. Kowane rami sai ta buga. Dole a sa gajerun shokozoba masu ƙarfi, waɗanda aka yi don haka."

"Ka gama?"

"Na gama."

"Madalla. Yanzu sai ilimi ya yi magana."

Duk wanda bai san Injiniya ba, bai san mutum ba. Allah ya hore masa sani har ya yi masa yawa, yana zuba ta aljihu. Biro huɗu ne a aljihun rigarsa, ja da baƙi da shuɗi da kore, kowanne da irin laifin da ake rubutawa da shi. A takarda dai, mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba fenti. Amma takarda ba ta san darajar mutane ba. Shekarun baya an tura shi kwas na kwana uku kan yadda ake jera bokitai, ya dawo da takardar shaida mai zanen zinare a gefe, ya sa ta a gilashi, ya rataye. Daga ranar ya daina amsa sunansa na yanka. A gabansa Injiniya ake ce masa. In ya ba da baya, direbobin kamfani sukan cika sunan, su ce Injiniyan Waya.

Ba su yi masa ƙarya ba, domin wayarsa ce makarantarsa, ita ce malaminsa, ita ce ɗakin karatunsa. A cikinta ya ga motoci da suka kwanta a titi kamar kada a bakin ruwa, suna sulale a kan hanya mai santsi kamar faranti. Bidiyo arba'in ya kalla. Muryar masu bayani kuwa kashe ta yake yi, ya ce surutu yana hana shi nazari. Mai basira ai gani ya ishe shi.

Kada kuma a ɗauka mutum ne mai magana ba aiki. Akwai abin da ya gina, kowa yana iya zuwa ya gani. Wata rana da safe babbar motar kamfani ta shigo ƙofa da ɗan gudu, ta fantsama masa ruwan sama a takalmi. Wani da ya goge ya wuce. Injiniya ya zare jan biro. Takarda goma sha ɗaya ya rubuta wa hukumar kamfani, har aka gaji aka gina tudun rage gudu a bakin ƙofa, don a huta. Da aka gama ya fito da rula, ya durƙusa ya auna, ya ce wannan ba tudu ba ne, ƙurji ne. Ya tsaya a kan magina sai da suka ƙara masa yatsa huɗu. Tun siminti bai bushe ba ya sa ƙusa ya rubuta ranar a gefe. Shekara biyu ke nan, kowace safiya yana hawa tudun nan da motarsa, yana jin daɗi irin na uban da ya ga ɗansa ya girma. Direbobi suka sa masa suna Tudun Injiniya. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

To, ana cikin haka shugaban sashen sufuri ya yi ritaya, kujerarsa ta zama ba kowa. Kujera ce mai juyawa, da ofis mai labule, da allo mai ƙusoshi inda ake rataye makullan motoci ashirin da biyu. Mutum biyu ake maganar ba su kujerar. Na farko Babban Direba, dattijo mai shekara talatin a kan sitiyari, wanda in mota ta shigo yakan gane ciwonta daga tarinta, amma bai iya jawabi ba, ko biro ɗaya ba shi da shi. Na biyu kuwa ba sai an faɗa ba. Manaja ta ce ranar Litinin za ta yanke hukunci. Injiniya ya ga abin da ya rage masa kawai shi ne ya nuna wa duniya cewa ya san mota fiye da waɗanda suka ƙera ta. Abin da ya kawo shi garejin ƙanin matarsa ranar Asabar ke nan.

Ya gyara tsayuwa, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan wata tsohuwar taya, ya soma.

"Ka ga, ƙanina, ku matsalarku hannu gare ku, ba kai. Mota in ta yi ƙasa, iska ba ta samun hanyar shiga ƙarƙashinta. In iska ba ta shiga ba, sai mota ta manne da titi kamar ƙadangare a bango. To, motar da ta manne da titi, ina ta ga damar rawa, balle a nemo mai hana ta? Shokozoba ai ta dogayen motoci ce. Sifirin ɗin ma ba sai an nemo sabo ba. A yanke zagaye biyu daga kowanne, an gama."

Bakanike ya turo kansa waje, ya goge hannu da tsumma.

"Yanka? A'a, Yaya. Ni ba na yanka sifirin. Yayata da 'ya'yanta ke shiga motar nan."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba."

"Gaskiya ne. Sai dai ni ba rimi na hau ba, ƙarƙashin motarka na shiga."

Injiniya ya yi murmushin nan da manya kan yi wa jahilci. Ya karɓi makullinsa, ya ce a gai da iyali.

Allah ba ya barin mai ilimi ba mataimaki. A kwanar titi akwai wani mai walda, mutum mai ladabi, wanda bai taɓa yi wa mai mota musu ba. In ka ce ya raba maka sitiyari gida biyu, tambayarsa ɗaya ce: a tsaye ko a kwance? Kafin rana ta karkata ya yanke sifirin huɗu, tartsatsi yana tashi, Injiniya yana tsaye da rula yana ba da umarni. Da aka sauke jak, mota ta yi zaman dirshan. Tayoyin suka shige cikin jikinta kamar kan kunkuru. Injiniya ya ja da baya taku biyar, ya ɗauke ta hoto ta gaba, ta gefe, ta baya, har ya kwanta a ƙasa ya ɗauko ta daga can, farar rigarsa tana shan ƙasa.

Ranar Lahadi ya ce iyali su fito a sha iska. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta nemi kujera inda ta saba samunta, ta tarar ta yi ƙasa, ta faɗa ciki kamar wadda aka ja wa tabarma. 'Yar auta ta shiga baya. Ba su yi nisa ba aka haɗu da ramin farko, ɗan ƙarami, wanda ko keke ba ya kaucewa. Mota ta buga, ta yi sama, ta dawo, ta sake yin sama, ta dawo. An wuce ramin da nisa ba ta daina ba.

"Baban yara, lafiya motar nan? Shaƙuwa take yi?"

"Sauraron hanya take yi. Motar zamani ba ta ɓoye wa direba komai. Duk abin da titi ya faɗa sai ta isar."

"To ka ce mata mun ji, ta bari haka."

'Yar auta tana ta ƙyalƙyala dariya a baya, kanta yana taɓa rufi, tana cewa, "Baba, ƙara!" Wannan ya ƙara wa Injiniya tabbaci, domin yara ba sa munafunci. A rami na biyu wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashi, kamar an ja tukunya a kan siminti. Ya ce nauyin jakar hannunta ne. A rami na uku matarsa ta ce ya tsaya. Ta fito, ta kama hannun 'yarta, ta leƙo ta taga.

"Ƙanina ya gaya maka."

"Ƙaninki bakanike ne. Ni injiniya ne."

"To Allah ya ba injiniya sa'a. Mu za mu taka da ƙafa, ƙafa ba ta shaƙuwa."

Mai hankali da ya tsaya nan ya yi tunani. Amma Injiniya ya wuce hankali, ya kai ga hikima. Abin da ya fahimta shi ne, sabon abu ba ya samun karɓuwa a gida.

Akwai kuma wata 'yar dabara da ya shirya tun ranar Alhamis. Batirin motar Manaja ya mutu, Babban Direba ya kawo takardar neman sabo daga sito. Sa hannu kawai ake bukata. Injiniya ya ɗora takardar a ƙarƙashin abin fasa takarda, ya manta da ita da gangan, mantuwa mai kyau, irin ta masu tsari. Saboda haka da safiyar Litinin motar Manaja ba ta tashi ba. Tun kafin a nemi mafita, wayarta ta yi ƙara.

"Ranki ya daɗe, na ji abin da sakaci ya jawo. Kada ki damu. Ga ni a ƙofar gidanki."

Kafin ya taso kuma ya aika wa duk ma'aikata saƙo, cewa su hallara a bakin ƙofar kamfani ƙarfe takwas, za su ga abin da ba su taɓa gani ba. Wannan alkawari dai ya cika shi, ba a rage komai ba.

Manaja mace ce mai ƙarancin magana da yawan ciwon baya. Duk inda za ta, da ɗan matashinta a hammata. Ta fito ta dubi motar, ta dubi Injiniya, ta sake duban motar. Ta ce akwai bokitin fenti huɗu na sabon samfuri da za a tafi da su. Injiniya da kansa ya loda su a but, yana nishi yana murmushi. Da bokiti na huɗu ya shiga, mota ta ƙara lafewa kamar kaza a kan ƙwai. Manaja ta sunkuya, ta sake sunkuyawa, ta shiga baya, ta gyara matashinta.

Aka kama hanya, jawabi ya kama.

"Ranki ya daɗe, abin da kike ciki yanzu ba mota ba ce, tunani ne. Ni na zana shi. Motocin kamfani ashirin da biyu, duk tsaye suke ƙiƙam kamar raƙuma, iska tana wasa da su. In aka damƙa mini sashen nan, cikin wata guda sai na sauke su duka, har da manyan. Mutane irin su Babban Direba, Allah ya ba su lada, sun yi ƙoƙari a zamaninsu. Amma tuƙi daban, sani daban. Jaki ma yana ɗaukar littattafai."

Mota ta taka wani ɗan gaci inda aka yi facin titi. Tabarau ɗin Manaja ya yi tsalle daga hancinta ya sauka a cinyarta. Matashin ya zame. A baya bokitai suka gaisa da juna. Ta ɗauki tabarau ta mayar, ta kama marikin saman ƙofa da hannu biyu.

"Da ka sauke ta, ka sauya shokozoba?"

Injiniya ya yi 'yar dariya ta ladabi, ta wanda zai gyara wa babba kuskure ba tare da ya kunyata shi ba.

"Ranki ya daɗe, wannan tsohon yayi ne. Maganar 'yan gareji ce. Kada ki bari su cika miki kunne."

"Ubana ɗan gareji ne," in ji Manaja. "A kan benci, tsakanin tsofaffin tayoyi, na koyi karatu."

Ba ta ƙara cewa komai ba. Injiniya ya fassara shirun da cewa hujja ta kama ta.

Daga nesa ya hango taron. Direbobi sun jeru a jikin katanga, masu dakon sito suna zaune a kan bokitai, 'yan ofis sun leƙo ta tagogi. Maigadi ya wangale ƙofa, har ya sara. A bayan motarsa kuma manyan motoci uku sun biyo, masu dawowa daga kai kaya. Zuciyar Injiniya ta cika fal. Ya sauke gilashi, ya fitar da gwiwar hannu, ya ɗan ƙara wuta, domin shigar manya ba ta yi kama da ta masu neman aiki ba.

Komai ya lissafa: iska, titi, Manaja, taro. Abu ɗaya ne bai sa a lissafi ba, shi ne ɗansa na cikinsa, tudun nan, wanda ke kwance a bakin ƙofa shekara biyu, yatsa huɗu sama da yadda magina suka so.

Tayoyin gaba suka hau. Hancin mota ya yi sama kamar zai gai da 'yan bene, ya dawo ƙasa, ba abin da ya tare shi, domin shokozobar da ya kamata ta riƙe shi tun Asabar take dunƙule. Aka ji ƙara guda, mai nauyi, irin wadda kan sa tsuntsaye su tashi. Sai wata doguwar ƙara ta ƙarfe a kan siminti. Sai tsit. Mota ta ɗora cikinta a kan tudu ta zauna. Injiniya ya taka totur, tayoyi suka yi ta juyi suna hayaƙi, ba gaba ba baya. Ya sa ribas, suka juya ta ɗaya gefen. Daga ƙarƙashi baƙin mai ya fara fitowa a hankali, ya bi gangaren tudu, ya cika rubutun da aka yi da ƙusa, har ranar ginin ta fito ɓaro-ɓaro.

Ba wanda ya yi dariya. Wannan shi ya fi ciwo. Sai manyan motocin baya da suka soma hon, ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya ya leƙo ta taga ya ɗaga murya.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa! Gwaji ne!"

Babban Direba ya taso daga jikin katanga, ba gaggawa. Ya miƙa hannu ta taga ya kashe injin, ya ce, "Kada ka ƙona shi, mai ya zube." Ya buɗe wa Manaja ƙofa, ya ba ta hannu ta fito, ya ɗauko mata matashinta. Ya nuna mutum biyu suka sauke bokitai. Ya aika aka kawo katako biyu daga sito, ya sa a ƙarƙashin tayoyi. Ya jera mutum shida, ya ce, "Ɗaya, biyu," suka ɗaga, suka tura ta gefe. Ya sa aka watsa yashi a kan man, ya ɗaga wa manyan motocin hannu. Suka haye tudun ɗaya bayan ɗaya, ko gezau. Duka-duka Babban Direba bai yi kalma ashirin ba.

Manaja tana tsaye, hannu ɗaya a ƙugu, tana kallo. Ta juya wurin maigadi.

"Baba, wa ya sa aka yi tudun nan da tsawo haka?"

"Injiniya ne, ranki ya daɗe."

"Motar fa, wa ya sauke ta?"

"Injiniya ne."

"To ai ba baƙo a tsakani," in ji ta. Ta dubi Babban Direba. "In ka wanke hannu, ka same ni a ofis ka karɓi makullai. Batirin motata fa?"

"Takardar tana sito tun Alhamis, ranki ya daɗe."

Manaja ta dubi Injiniya, duba ɗaya, ta sama da tabarau. Ta wuce ciki tana dafa baya.

Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ba su yi maganar tudu ba, amma da sun ga wannan da sun ƙara.

Bakanike ya iso wajen hantsi da akwatin sifanunsa, Babban Direba ne ya kira shi. Ya tarar da mijin yayarsa tsaye a gefen mota yana yi wa masu dako biyu bayani, cewa sakamakon gwajin ya tabbatar da ingancin tudun, wanda dama shi ne ya tsara shi. Bakanike ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito.

"Kaskon mai ya fashe. Salansa ta rabu biyu. Sifirin ɗaya ya fita daga mazauninsa. Shokozoba biyu sun gama kuka, sun mutu."

Injiniya ya matso kusa, ya rage murya, abin da ba a taɓa jin ya yi ba.

"Ƙanina, a mayar da ita yadda take. Kada yayarka ta ji."

"Ita ta fara kirana, Yaya, tun jiya. Cewa ta yi in ajiye sifirin huɗu a kusa." Ya zaro wata takarda daga aljihu, wadda Babban Direba ya ɗauko masa daga sito, mai alamar abin fasa takarda a tsakiya. "Taka sai an jawo ta gareji, sai gobe. Yanzu batirin Manaja aka ce in sa. Ga takardar, hannu kawai za ka sa."

Injiniya ya kai hannu aljihu. Ya taɓa ja, ya taɓa kore, ya rasa wanda ya dace da irin wannan rana. Bakanike ya ciro guntun fensir daga bayan kunnensa ya miƙa masa.

Maigadi yana share yashi daga kan tudun, yana magana shi kaɗai, amma yadda kowa zai ji.

"Ikon Allah. Shekara biyu yana kwance yana jira, bai taɓa kama kowa ba sai mai shi."

Bakanike ya karɓi takarda da fensirinsa, ya ɗauki akwatinsa, ya tsallake tudun, ya nufi sito ɗaukar batir.